Tambaya: me ke sa tsohon mawaƙi ya cika kundinsa da waƙoƙin wasu?

Mai Fiyano, Bagalam

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni matashi ne da ke aiki a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa a nan Maradi, inda nake buga fiyano da haɗa sauti ga mawaƙan biki. Watanni uku da suka wuce aka raba kayan kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana aiki a Arlit, kuma da yake ni ne mai harkar kiɗa a gidanmu, sai aka miƙa mini wani kwali cike da kaset-kaset da faya-fayan CD aka ce in ga abin da zai amfane ni. Yawancinsu rana da ƙura sun gama da su, amma akwai guda ɗaya da ya tsira, wato kundin wani Bature mai suna Robert Plant, wanda aka rubuta wa Dreamland, na shekarar 2002.

Na saurare shi ya fi sau ashirin, kuma ya kama ni ƙwarai, duk da cewa Turancina bai kai in fahimci kowace kalma ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokacin da na buɗe ƴar takardar da ke cikin kwanson faifan na karanta sunayen masu waƙoƙin. Waƙoƙi goma ne, amma biyu kaɗai na ga an rubuta sunansa da na makaɗansa su kaɗai, saura duk akwai sunayen wasu mutane dabam. Da na bincika sai na tarar wannan mutum shi ne mawaƙin ƙungiyar Led Zeppelin, wadda ake lissafawa cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na duniya.

Tambayata ita ce, mutumin da ya kai wannan matsayi, wanda yake da nasa waƙoƙin da duniya ta sani, me zai kai shi ga shiga ɗakin ɗauka ya kashe kuɗi da lokaci a kan waƙoƙin da wasu suka riga suka yi? Abokan aikina sun ce amsar a fili take, rijiyarsa ce ta ƙafe, kuma rigar aro ba ta rufe katara. Ni kuwa kunnena bai yarda da wannan hukunci ba, amma ba ni da hujjar da zan kare kaina da ita.

Ina da dalilin da ya sa maganar ta dame ni. Na daɗe ina son in ɗauki wasu waƙoƙi guda huɗu, uku na daka da niƙa da na ji a bakin kakata, ɗaya kuma ta wani makaɗin gurmi na wajen Madarumfa da ya rasu tun ina yaro. Duk sanda na kawo zancen sai a ce mini wannan aikin ragwaye ne ko kuma sata ce. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su haska mini hanya.

Tsohon Mushe, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Na koyar da Turanci shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma wannan kundi yana cikin waɗanda na daɗe da su, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Sai ka fara duba shekarun mutumin. An haife shi a watan Agusta na 1948 a West Bromwich, a tsakiyar Ingila, yana ɗan shekara ashirin aka kafa Led Zeppelin a 1968, kuma ƙungiyar ta watse a 1980 bayan rasuwar mai buga musu ganguna, John Bonham, wanda abokinsa ne tun kafin a san su. Ke nan lokacin da Dreamland ya fito, Plant yana da shekara 53, ya shafe fiye da shekara ashirin yana ƙoƙarin fita daga inuwar samartakarsa. Ko'ina ya hau dandamali jama'a ba su son komai sai ya yi musu irin ihun da yake yi yana ɗan shekara ashirin da biyu, ga shi kuwa murya tana tsufa kamar yadda gwiwa take tsufa. Kundinsa na ƙarshe shi kaɗai kafin wannan ya fito ne a 1993, shekara tara ke nan, ko da yake a tsakani ya koma ya yi aiki da tsohon abokinsa mai gita, Jimmy Page.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne abin da ya yi a 1999 da 2000. Ya haɗa wata ƴar ƙungiya da ya kira Priory of Brion, ya riƙa zagaya ƙananan wuraren wasa yana rera waƙoƙin da ya so tun yana saurayi, na mawaƙan Amurka na shekarun 1960. Mutumin da ya saba cika filayen ƙwallo ya koma yana waƙa a ɗakunan da ba su fi zauren biki girma ba. A ganina a can ne aka haifi Dreamland, domin ya ɗauki shekara biyu yana jujjuya waɗannan waƙoƙi a bakinsa gaban ƴan tsirarun mutane har sai da ya gano yadda tsohuwar muryarsa za ta zauna cikinsu.

Ka koma ka saurari waƙar nan “Hey Joe” da ke kusa da ƙarshen faifan. Wani Ba'amurke Billy Roberts ne ya yi mata rajista a 1962, Jimi Hendrix kuma ya shahara da ita a ƙarshen 1966, kuma labarinta na wani mutum ne da ya harbe matarsa yana shirin tserewa. Yawancin waɗanda suka rera ta sun yi ta ne da daɗin kiɗa, har mai sauraro ya riƙa kaɗa kai ya manta cewa zancen kisa ake yi. A wannan kundi an wargaza ta, gitar tana karce kunne, gangar tana tafiya kamar mai ɗingishi, muryar kuma ta mutum ce da ya firgita da abin da aka faɗa masa. Abin sha'awa shi ne Plant ya taɓa ɗaukar wannan waƙa tun kafin Led Zeppelin, tare da Bonham, a wata ƙungiyarsu mai suna Band of Joy, kuma an fitar da waccan tsohuwar ɗaukar a 2003. Idan ka samu ka jera su biyun, za ka ji yaro yana nuna ƙarfin maƙogwaronsa a ta farko, a ta biyu kuma ka ji dattijon da ya binne ɗansa mai shekara biyar a 1977, ya binne amininsa shekara uku bayan nan, wanda ya san nauyin kalmar mutuwa. Kalmomin ba su canja ba, amma waƙa biyu ce.

Haka nan waƙar farko ta kundin, wadda aka gina a kan wata ta Bukka White, baƙar fata ɗan Misisipi da ya ɗauke ta a Shikago a 1940 bayan fitowarsa daga kurkukun Parchman. Waƙar mutum ce da ke jin ajalinsa ya matso, abin da ke damunsa kuma shi ne barin ƴaƴansa suna kuka. Bob Dylan ya rera ta a kundinsa na farko a 1962 yana ɗan shekara ashirin, kuma ya yi ta da kyau, sai dai mai shekara ashirin hasashe yake yi.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, kuma ina zaton shi ne ya kama kunnenka ba ka sani ba. Ɗaya daga cikin makaɗan kundin, Justin Adams, mutum ne da ya daɗe da kiɗan arewacin Afirka da na Sahara, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki kundin farko da ƙungiyar Buzaye ta Tinariwen ta fitar a kasuwar duniya, wanda ya fito a 2001. Shi ya shigo da gimbiri, wato molon nan mai tsirkiya uku na mutanen Ginawa na Maroko, waɗanda kakanninsu daga ƙasashenmu aka kwashe su, har yau kuma suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa cikin waƙoƙinsu. A watan Janairu na 2003 Plant da Adams suka zo bikin kiɗan hamada na Essakane, bayan Tambutu a Mali, inda su Ali Farka Touré da Tinariwen suka yi wasa, kuma a kan wannan rairayi ya rera ɗaya daga cikin waƙoƙin Dreamland. Kundin da ya biyo baya a 2005, wanda sababbin waƙoƙinsa ne, har da wadda ya sa wa suna “Takamba”, kiɗan da duk wanda ya je biki a Gao ko Yamai ya sani.

Don haka ga abokan aikinka masu cewa rijiya ta ƙafe, ka tambaye su yadda aka yi rijiyar da ta ƙafe a 2002 ta kawo ruwa a 2005. Ni dai abin da na gani shi ne yasar rijiya aka yi.

Tsohon Mai Kaset, Babbar Kasuwa

Malam Mushe, Allah ya ƙara sani, kun yi bayani mai daɗin karantawa, amma ku yi mini haƙuri in kawo ɗaya gefen, domin na yi shekara goma sha bakwai ina sayar da kaset kafin salula da katin memori su kore mu, kuma abin da na koya a rumfa shi ne mai saye ba ya son baƙon abu. Idan na sa sabuwar waƙa a lasifika mutane wucewa suke yi, idan kuwa na sa wadda suka sani tun suna yara, sai ka ga mutum ya tsaya yana lalube aljihu. Kamfanonin Turai sun fi ni sanin wannan sirri. A cikin shekarar nan ta 2002 da kuke magana, Rod Stewart, wanda shi ma tsohon mawaƙin rok ne, ya fitar da kundin tsofaffin waƙoƙin Amurka, da ya ga kasuwa ta karɓa sai ya yi ta jero su har guda biyar zuwa 2010. Wannan ba yasar rijiya ba ce, Malam, famfo ne aka kafa ana sayar da ruwa.

Na biyu kuma, ban ga dalilin da zai sa a wanke Robert Plant tas a kan zancen waƙoƙin mutane ba, domin ƙungiyarsa tana da tarihi a wannan fanni. Shahararriyar waƙarsu “Whole Lotta Love” ta 1969 ta ɗebo kalmomi daga wata waƙa da Willie Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a 1962, kuma ba a sa sunan Dixon a faifan ba sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta a wajen kotu. Wanda ya rera kalmomin nan shi ne dai wannan dattijo da muke yabo. Kuma cikin mutanen da aka ɗebo baitocinsu a Dreamland akwai Arthur Crudup, wanda Elvis Presley ya fara suna da waƙarsa a 1954, shi kuwa ya rasu a 1974 yana talaka, yana bin haƙƙinsa bai samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka tarihin wannan kiɗa yake tun daga tushe.

Ka sake duba takardar da ke hannunka, yaro. A waƙoƙi biyun da aka gina a kan na tsofaffin baƙaƙen fata za ka ga an jera sunan Plant da na makaɗansa kusa da sunayen masu asali, ma'ana suna da kaso a ciki. Ban ce haramun suka ci ba, tun da sun canja kiɗan sosai, amma ka san cewa ko a aikin girmamawa akwai lissafi.

Ba ina faɗin haka don in nuna ni tsarkakakke ne ba. Mu ma a zamaninmu muna da na'ura mai kwafar kaset, muna sayo ɗaya daga Katsina ko Kano mu mayar da shi ɗari, kuma ban taɓa aika wa wani mawaƙi ko dala ba. Na tuna ranar da wani makaɗi da ya tsufa ya tsaya gaban rumfata yana jin muryarsa tana fita daga lasifika, bai ce mini komai ba sai ya roƙi ruwa ya sha ya wuce, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa idan na ji ana cewa wane ya girmama magabata da waƙa, tambayata ta farko ita ce nawa ya shiga gidan magabatan.

Tsohon Mushe, Zariya

Alhaji, maganarku a kan Dixon da Crudup gaskiya ce, ba ni da ja. Inda na rabu da ku shi ne zancen kasuwa. Da kuɗi Plant yake nema, hanya mafi sauƙi tana gabansa, domin lokacin da Led Zeppelin ta sake haɗuwa dare ɗaya a Landan a watan Disamba na 2007, kimanin mutum miliyan 20 ne suka nemi tikiti, amma ya ƙi yarda a zagaya duniya da ita, ya tafi yawon wasa da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss a kan wani kundin nasu na waƙoƙin wasu. Kuma waƙoƙin da ya zaɓa a Dreamland ba irin waɗanda ke tsayar da mai wucewa ba ne. Mutum nawa ne, ko a Ingila, suka san Skip Spence ko Tim Buckley, masu biyu daga cikin waƙoƙin kundin, a 2002? Ban musa cewa akwai masu kafa famfo ba, amma ba kowane mai guga ne ɗan ga-ruwa ba.

Hajiya Lauya, Ali Ɗan Sofo

Ina gaida Malam da Alhaji. Ƙanena Mai Fiyano, ka kawo tambaya biyu ne a dunƙule, ɗaya ta fasaha ɗaya ta haƙƙi, kuma ta biyun ce ta fi kusa da aikina, don haka a kanta zan tsaya.

A doka kowace waƙa da aka ɗauka tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin ita kanta ɗaukar, wato sautin da ke cikin faifai, wanda yawanci yana hannun kamfani ko wanda ya biya kuɗin aikin. Mai sake rera waƙar wani da muryarsa da makaɗansa haƙƙi na farko kawai ya taɓa. A Amurka tun 1909 doka ta ce da zarar mai waƙa ya fitar da ita ga jama'a, kowa yana iya sake ɗaukarta ba tare da neman yardarsa ba, muddin ya sanar kuma ya biya kuɗin da hukuma ta yanke a kan kowane kwafi. Kuɗin ya tsaya a santi 2 tun daga 1909 har zuwa 1977, a shekarar da Dreamland ya fito kuma santi 8 ne. Saboda haka irin wannan kundi, idan an bi ƙa'ida, hanyar shigar kuɗi ce ga mai asali ko magadansa, kuma wannan shi ne ya raba shi da abin da Alhaji ya ba da labari a kai na 1969, inda aka ɗauki kalmomi aka ɓoye suna.

Amma cikin kundin nan kansa akwai darasin da ya fi dacewa da kai. Waƙa ta biyu, “Morning Dew”, wata mata ce ƴar Kanada, Bonnie Dobson, ta tsara ta a farkon shekarun 1960, tana kwatanta duniya bayan yaƙin nukiliya. Daga baya wani mawaƙi, Tim Rose, ya ɗauke ta a 1967 da ɗan sauyi kaɗan, aka sa sunansa a matsayin wanda suka tsara tare, kuma tun daga nan ake raba kuɗin da shi, abin da matar ta shafe shekaru tana kokawa a kai. Idan ka duba takardarka za ka ga sunayen biyu a jere. Ka ga ke nan sake rera waƙa bai cutar da ita ba, ƙara suna ne ya cutar da ita.

A nan Nijar muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, kuma dokarmu ta 2010 ta haɗa har da kayan al'adun gargajiya, don haka waƙoƙin kakarka ma ba a ɗauke su a matsayin dukiyar da ba ta da mai ita ba. Shawarata ita ce ka tuntuɓi hukumar kafin ka fitar da komai don sayarwa ko ɗorawa a YouTube. Waƙoƙin daka ka rubuta a kansu cewa na gargajiya ne, daga bakin wance ka ji su, kai kuma tsarin kiɗa kawai ka yi. Ta makaɗin gurmin kuwa tana da mai ita sananne, kuma rasuwarsa ba ta kashe haƙƙin ba, ya koma hannun magada. Ka je ka same su, ku yi magana gaban dattijan gidan, a rubuta abin da aka yarda a takarda da shaidu, ko da jika biyar ce za ka iya bayarwa yanzu tare da alkawarin kaso nan gaba. Kada kuma ka yanko muryarsa daga tsohon kaset ka liƙa cikin aikinka, domin wannan ya shiga haƙƙi na biyu, kuma matasan ɗakunan ɗauka sun fi faɗawa wannan rami saboda kwamfuta ta sauƙaƙa shi.

Ɗan Amshi, Tibiri

Ina yi wa kowa sallama. Jikana ne yake karanta mini wannan zance yana kuma rubuta amsata, domin ni ban yi lakwal ba, kuma ban taɓa jin Baturen nan ba sai jiya da yaron ya kunna mini shi a salula. Na yi shekara ashirin da ƴan kai ina amshi a bayan wani makaɗin fada kafin ƙirji ya hana ni, don haka da ɗana Mai Fiyano nake son magana.

Waɗanda suke ce maka rera waƙar wani ragwanci ne ba su san yadda ake zama makaɗi a ƙasar Hausa ba. Babu wanda ya taɓa farawa da tasa. Yaro yana ɗaukar ganga a bayan ubansa ko maigidansa, ya yi shekaru yana amshi, waƙoƙin gidan su shiga jininsa, kuma ranar da maigida ya kwanta dama, waƙoƙin nan ne zai fara fita da su gaban sarki kafin a yarda a saurari sabuwa daga bakinsa. Bayan rasuwar Musa Ɗanƙwairo ƴaƴansa sun ci gaba da kiɗan gidansu, kuma ba wanda ya kira su ɓarayi. Marigayi Sa'adu Bori, namu na wannan yanki, da me ya yi suna in ba da tsofaffin waƙoƙin bori da ya ɗora a kan gita da gangunan zamani ba? Waƙoƙin sun girme shi nesa ba kusa ba, amma wanda ya ji su a bakinsa ya san ya sa musu hannu.

Sai dai akwai ladabin abin, kuma shi ne nake ganin yaran yanzu suka yar. A wurinmu kafin ka shiga waƙar wani sai ka ambace shi, ka ce wane ne mai ita, ka roƙa masa gafara idan ya rasu, jama'a su amsa, sannan ka ɗauko amshi. Abin da Hajiya take cewa a rubuta a takarda, mu a cikin waƙar muke faɗinsa, inda ba mai iya gogewa. Kuma ba a yarda ka kwaikwayi muryarsa ba, domin mai kwaikwayo ɗan wasa ne, dariya ake yi masa a ba shi na goro. Idan maigidanka yana hawa sama a wani baiti, kai kuma maƙogwaronka bai kai can ba, sai ka nemi hanyar da za ka bi ta ƙasa ka iso inda ya isa. Abin da na ji Baturen nan yana yi ke nan a waƙar da jikana ya ce ta Tim Buckley ce, mai sanyin nan, domin na ji inda saurayi zai yi ihu shi kuwa ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri, ban fahimci kalma ɗaya ba amma na gane tsoho ne yake waƙa kuma bai ɓoye tsufansa ba.

Abin da nake jiye maka shi ne fiyano. Waƙar daka tana tafiya ne da faɗuwar taɓarya cikin turmi, kuma hannun mace ba ya faɗuwa daidai kamar agogo, wani bugun yana jinkiri idan ta ja numfashi. Idan ka ɗaure ta a kan kiɗan na'ura mai tafiya ɗaya, kalmomin za su rage amma waƙar ta tafi.

Mai Fiyano, Bagalam

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Malam Mushe, na nemo tsohuwar ɗaukar nan ta Band of Joy na jera su kamar yadda kuka ce, kuma na kunna wa abokan aikina ba tare da na faɗa musu komai ba. Biyu daga cikinsu sun rantse ba mutum ɗaya ba ne, ɗaya kuma har yanzu ya fi son ta yaron, ya ce ta dattijon tana sa shi ciwon kai, don haka gardamar ba ta mutu ba a wurinmu.

Alhaji, labarin tsohon da ya sha ruwa a rumfarku ya hana ni barci. Hajiya, na tambayi mahaifiyata, ta ce makaɗin gurmin yana da ɗiya da ke aure a wani ƙauye kan hanyar Ɗan Isa, kuma wani ɗan uwanmu ya san gidan, don haka ranar Juma'a bayan masallaci za mu je in Allah ya yarda. Ban san yadda ake rubuta irin takardar da kuka ambata ba, ko za ku taimaka mini da abin da ya kamata ta ƙunsa?

Baba na Tibiri, maganar turmi ta canja mini shiri gaba ɗaya. Yanzu tunanina shi ne in kai na'urar ɗauka gida, in roƙi innata da maƙwabtanta biyu su yi daka na gaske suna waƙar, ni kuma in bi su da fiyano daga baya maimakon su bi ni. Abin da ban sani ba shi ne ko ambaton mai waƙa da kuka ce ana yi a farko yana da kalmomin da aka saba, ko kowa da yadda yake faɗin nasa. Idan kun ba ni izini zan zo Tibiri in ji daga bakinku.

Ɗan Amshi, Tibiri

Ka zo, ɗana, amma ban da ranar Laraba. Ka bari sai bayan la'asar, lokacin ƙirjin yana ɗan sakina, kuma ka taho da kaset ɗin makaɗin gurmin idan kana da shi, domin ina zaton na taɓa haɗuwa da shi a wani bikin naɗi, kuma ina son in ji ko shi ne.